Kujerar Sa'ade Daga Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta ba. A gidan suna a tare ni, a wajen injin niƙa a tare ni, har wadda rabonta da gaishe ni tun bikin ƙanwarta ta aiko wai ya hanya. Na san ba hanyar ce ta dame ku ba, cuku da kilishi kuke nema, kuma sun ƙare. Labari kaɗai ya rage, to ga shi nan gaba ɗaya, kowa ta ɗebi rabonta ta ƙyale ni.

Sai na fara gaya muku abin da ya kai ni, don wasu sun ce yawon buɗe ido na je. Ni ce malamar aji ɗaya a firamaren garinmu, nan kusa da Kunci. A ajina akwai Sa'ade 'yar Malam Hudu. An sha wahala wajen haihuwarta, likita a Kano ya ce lalura ce ta ƙwaƙwalwa, irin wadda ake ce wa galahanga a rediyo. Mutanen gari kuwa kowa da tasa fatawar, wannan ya ce iska, wancan ya ce uwarta ta yi wanka da magariba. Hannuwanta da ƙafafunta a sandare suke, wuyanta ba ya tsayawa, miyau yana zuba, kalma ɗaya sai ta yi kokawa kafin ta fito. Karatu kuma a hankali yake shigarta, abin da ta riƙe yau, gobe rabinsa ya zube. Amma tana ji, tana ganewa, kuma in aka yi abin dariya a aji ita ke riga kowa. A kan tabarma nake jingine ta da bango, ta zame, in ɗaga ta, ta sake zamewa. Rabin darasi rufin kwano take kallo, ba allo ba.

Makarantarmu tana da al'ada, kamar yadda kowace makaranta a ƙasar nan take da ita. Ranar da za a yi baƙi, a share fili, a shafa wa duwatsu farar ƙasa, a jera yara masu takalmi a gaba, marasa yunifom a tura su can baya. Sa'ade kuwa sai a aika wa ubanta wai ta huta a gida. Hedimastanmu, Malam Ɗanlami, ya ce ba ƙiyayya ba ce, mutunta baƙo ne. Na yi faɗa da shi a kan wannan har muryata ta dushe, ko gezau.

Malam Hudu manomi ne. Kullum shi yake kawo ta a keke, ɗaure da zani a bayansa, sannan ya wuce gona. Da aka sha mayar da shi daga ƙofar makaranta, sai ya koyi wani abu. Ya zo ya tsaya a gindin darbejiya, ƙafa ɗaya a ƙasa, ba zai kwance zanin ba sai ya ce, "Malama, yau akwai baƙi?" Ranar ƙarshe da aka mayar da shi bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Malama, in aka sake cewa in koma da ita, ba zan ƙara kawo ta ba. A gida babu mai jin kunyarta." Wanda ya san Malam Hudu ya san ba ya maimaita magana.

Ana cikin haka wata ƙungiya ta aiko, wai za ta kai malamai Damagaram su ga makarantar da ake koyar da irin waɗannan yara tare da sauran. Sharaɗin shi ne sai makarantar da take da irin yaron. Ku zo ku ga Hedimasta. Mutumin da ke ɓoye Sa'ade kamar an sato ta, shi ne ya buga ƙirji ya ce, "Muna da ita, ai mu ne kan gaba a wannan harka." Ya sa sunansa a matsayin jagora, ni kuma aka ce in bi tunda yarinyar a ajina take. Na bi, don na ce ko da dabara ɗaya na samo wadda za ta zaunar da Sa'ade a aji, tafiyar ta biya.

An ce da asuba za mu tashi daga Kunci. Har hantsi ya dubi ludayi muna nan, saboda rigimar kujerar gaba. Hedimastanmu ya ce shi ne babba a aiki, wani hedimasta daga wajen Shanono ya ce shi ne babba a shekaru. Duk su biyun sun sha babbar riga mai sitaci. Da direba ya gaji ya ce su shiga tare. Haka suka tafi a matse, kowa ya kau da kai, direba yana laluben giya a tsakanin riguna. Ni na zauna a baya kusa da Malama Binta, wata malama daga Zakirai, wadda ta taho da kular dambu da buhu biyu babu komai a ciki. Na tambaye ta na mene ne, ta ce, "Ke, ba a zuwa Nijar a dawo babu atamfa." Na ce yaron ajinta fa, wane iri ne ciwonsa? Ta ce ai bana aka ba ta ajin.

Mun wuce Kazaure lafiya. Kafin Daura taya ta yi faci, muka sauka a gefen wata gonar gero. Malamai maza suka kewaye direba, kowa yana koya masa yadda ake kwance taya, babu wanda ya sunkuya. Mu mata muka buɗe kular Binta. Gaskiya dai dambun nan shi ne babban abin da Binta ta tsinana a tafiyar, kuma ya yi daɗi.

Ni da ban taɓa fita ƙasar waje ba, na ɗauka a iyaka zan ga katanga da ƙofar ƙarfe. Ashe igiya ce da ganga. Geron wannan gefe da na wancan gefe duk ɗaya ne, awaki ma suna tsallakawa babu mai tambayar su takarda. Hedimasta ya ce kowa ya yi shiru, shi zai yi magana tunda ya taɓa Faransanci a sakandare. Ya gyara hula, ya tunkari wani jami'i, ya saki gaisuwarsa, daga nan kuma Faransancin ya ƙare. Jami'in ya dube shi ya ce, "Sannu da hanya, Alhaji. Ku sauko da katinku, a duba ku wuce." Hausarsa tsaf, ta fi ta wasunmu. Hedimasta ya dawo mota yana cewa ai da ma ya lura mutumin bai iya Faransanci sosai ba, shi ya sa ya sauƙaƙa masa.

Mun bi ta Matamaye, muka shiga Damagaram da la'asar. Masaukinmu wani gida ne mai tsakar gida da bishiyar lemo. Ɗakin mata fanka ɗaya ce, kuma ita ma sai an tura ta da tsintsiya take tashi. Da safe aka kawo burodi dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa da tauri, Binta ta ce wannan na jiya ne a mayar. Mai gidan ya rantse yanzu aka fito da shi, haka suke son abinsu. Shayi kuwa a wani ɗan kofi kamar murfin kwalba, ɗaci kamar maɗaci, a ba ka sau ɗaya, a jima a sake, a jima a sake. Hedimasta ya riƙe kofin da yatsu biyu ya ce tun da yake ba a taɓa yi masa rowa irin wannan ba. Kwaɗon zogalensu dai ban da abin cewa, albasa har ta fi ganyen yawa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da azahar gari yake mutuwa, kanti da ofis duk a rufe, kowa ya je ya kwanta sai la'asar. Binta ta yi ta zagaye da buhunta a rana tana tsaki. Makaranta su ce lakwal, malami mushe, malama madam, in ban da wannan da 'yan kalmomi kaɗan, kamar kana Daura.

Washegari aka kai mu makarantar. Tun daga ƙofa na ga fuskar Hedimasta ta canza. Babu dutse ko ɗaya da aka shafa wa farar ƙasa. Babu yara a layi suna waƙar maraba. Wata akuya ma tana kwance a barandar ofis. Da muka shiga ajin farko, a sahun gaba, kusa da allo, ga yaro a wata irin kujerar katako, kansa a karkace, an rataya masa ɗan tsumma a wuya saboda miyau. Ga wata yarinya a gefe irin haka. Sauran yara suna kewaye da su suna harkarsu.

Hedimasta ya matso kusa da ni ya rage murya. "Malama, anya an sanar da mutanen nan zuwanmu?"

Na ce, "An sanar da su, ranka ya daɗe."

"Kuma suka bar waɗannan a gaba? Wannan ai raini ne. Mun taso tun daga wata ƙasa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, su muka zo gani."

Ya ce ya sani, amma ko gani za a yi akwai tsari.

Malamar ajin Madam Ramatu ce, wata siririya mai sanyin murya. Ta ce mu zauna a benci ta ci gaba da darasinta, ko jawabi ba ta nemi a yi ba, alhali Hedimasta ya kwana yana shirya nasa. Na zuba ido. Fensirin yaron nan, Musa, an naɗe shi da tsumma ya yi kauri yadda hannunsa zai iya damƙa. Allonsa a ɗaure yake da teburin kujerar don kada ya gudu. Yarinyar kuwa faranti aka cika mata da yashi tana jan harafi da yatsa, in ya lalace a shafe a sake, babu mai tsawa. Abu ɗaya Madam take ba su, ƙarami, ta maimaita, ta tafi wajen sauran yara, ta dawo ta sake maimaitawa.

Can ta zuba murafen kwalba a gaban Musa ta ce, "Biyu da ɗaya, nawa ke nan? Turo mini." Sai ta naɗe hannu ta tsaya. Aji ya yi tsit. Hannun Musa ya tashi, ya kauce, ya dawo, ya sake kaucewa. Yara ba wanda ya yi motsi, da gani sun saba jira. Mu ne ba mu saba ba. Binta ta fara gyara ɗankwali, na Shanono yana kaɗa ƙafa. Hedimasta ya cije, ya cije, abin ya fi ƙarfinsa, sai ji muka yi ya ce, "Uku ne mana."

Yara suka tuntsire da dariya, har Musa. Madam Ramatu ta ce, "Alhaji ya ci, a tafa masa." Suka tafa masa kuwa. Ta ce, "To, yanzu sai mu jira Musa." Muka jira, ya turo murfi uku ɗaya bayan ɗaya, gumi a goshinsa.

Ba zan ɓoye muku ba, kishi ne ya kama ni, sannan hawaye. Sa'ade nake gani tana zamewa a jikin bango. Da aka tashi na ja Madam gefe na ba ta labarinta. Ta ce tsawonta fa? Ban san awo ba, amma na sha ɗaukar yarinyar, sai na nuna mata a jikina, kanta nan yake kai mini, ƙafarta nan take tsayawa. Ta shiga wani ɗaki ta fito da kujerar da ta yi wa wani yaro kaɗan, mai dogon baya, da katako a gefe da gefe, da ɗan turke a tsakanin cinyoyi don kada yaro ya zame, da ɗamara ta atamfa, da tebur a gaba. Ta ce, "Kujerar nan ba ta koyar da karatu. Yarinya ce take faɗa da jikinta duk yini, in kujera ta karɓar mata faɗan, sai ta samu sararin sauraron ki. Kada kuma ki bar ta a ciki ta wuni, ki riƙa sauke ta tana miƙewa."

A dawowa saman mota ya cika da buhunan Binta da na sauran masu neman ilimi, don haka a cinya na riƙo kujerar tun daga Damagaram. A iyaka jami'ai suka ce a sauko da ita. Ba su taɓa ganin irinta ba, suka juya ta, suka ja ɗamarar, ɗaya ya tambaya ko samfurin kayan sayarwa ne, ko kayan hukuma ne da ke buƙatar izini. Hedimasta ya ga rana tana yi, ya ga za a daɗe, sai ya ɗaga yatsa sama a gaban kowa.

Ya ce, "Wallahi tallahi ba ta sayarwa ba ce, ba ta hukuma ba ce, ba ta makaranta ba ce. Tsaraba ce. Ta wata baiwar Allah ce, Sa'ade 'yar Malam Hudu, da ba ta iya zama. Ni na ɗauko mata da hannuna."

Jami'in da ya yi tambayar ya ce shi ma ɗan ƙanwarsa haka yake. Ya mayar da kujerar mota da kansa, ya yi ta sa wa Hedimasta albarka. Daga nan har Kazaure Hedimasta sai ƙyalli yake yi, ni kuma cinyata ta mutu.

Muna isa gida ya karɓi kujerar ya kai ofis, ya aika aka karɓo leshi daga gidansa ya lulluɓe ta, ya kulle ƙofa. Na ce a ba ni in kai aji. Ya ce kayan makaranta ne, kuma daga ƙasar waje, in aka bar wa yara kwana nawa za ta yi? A ajiye sai ranar baƙi. Sa'ade ta ci gaba da zamewa a jikin bango, kujerarta tana bayan wannan bangon sanye da leshi.

Ba a jima ba aka aiko cewa manya za su zo ganin abin da muka koyo. Aka jiƙa farar ƙasa. Hedimasta ya kira ni ya ce in gaya wa Malam Hudu gobe Sa'ade ta huta. Na ce to wa zai zauna a kujerar? Ya ce ya riga ya tsara, 'yar wansa da ke aji biyu tana da takalmi da safa, za ta zauna a ɗauki hoto. Na dube shi, na ga da gaske yake, kuma ransa fes, shi a ganinsa mutunci yake karewa. Raina ya ɓaci. Na san in na kai saƙon nan, Sa'ade ta gama makaranta.

Da yamma na je gidan Malam Hudu, na same shi yana ɗaure wa akuya harawa. Ban kai saƙon ba, ban kuma yi ƙarya ba. Na ce Hedimasta ya kawo wa Sa'ade tsaraba daga Damagaram, ya rantse a gaban mota guda ta shaidu cewa tata ce, tana ofis. Ya tsaya da igiya a hannu ya daɗe yana kallona. Ya ce, "An kawo wa 'yata tsaraba tun daga wata ƙasa, ban je godiya ba? Ai na yi rashin ta ido." Ya sake dubana ya ce, "Gobe ne baƙin, ko?" Na ce gobe ne. Ya ce to.

Kun dai san ba a zuwa godiya irin wannan mutum ɗaya. Washegari manya sun zauna a ajina, kujera tana gaba, 'yar wan Hedimasta ta ɗare a kai tana kaɗa safa, Hedimasta yana tsakiyar jawabi, sai ga sallama. Malam Hudu ne a gaba da Sa'ade a baya, ga Liman, ga 'yan'uwansa, ga maƙwabta, wani riƙe da ƙwaryar ƙwan zabi. Suka tsallake fararen duwatsu suka cika ƙofa. Liman ya ce sun zo godiya ne ga bawan Allah da ya tuna da yarinyar da ba kowa ke tunawa da ita ba, har ya rantse da Allah a bakin iyaka cewa kujerar nan tata ce. Ya ɗaga hannu ya fara addu'a, baƙi ma suka ɗaga.

Ta tsakanin yatsunsa Hedimasta ya harare ni. Ni kuwa amin kawai nake cewa da ƙarfi.

Da aka shafa, shi da kansa ya ce wa 'yar wansa ta sauka. Malam Hudu ya kwance zani ya zaunar da Sa'ade, na ɗaura mata ɗamara, na jawo teburin. Ba ta zame ba. Kanta ya jingina ya tsaya, ta bi fuskokin 'yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya, ta ga allo a gabanta, sai ta saki dariyar nan tata. Wani daga cikin manyan ya ce ko za ta iya wani abu? Na zuba murafen kwalba na ce, "Sa'ade, biyu da ɗaya." Na naɗe hannu. Hannunta ya tashi, ya kauce, ya dawo. Shirun ya yi tsawo. Na ga bakin Hedimasta ya buɗe, na dube shi, ya rufe.

Huɗu ta turo. Ba daidai ba ne, kuma ban ce daidai ne ba. Amma ita ta turo su da hannunta, a sahun gaba, kowa yana kallo. Malam Hudu ya juya ya fuskanci bango, ya daɗe yana gyaran hular da ba abin da ya same ta.

Bayan baƙi sun tafi Hedimasta ya ce, "Malama, kin ƙulla ni." Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ka rantse, ni shaida ce kawai." Ƙwan zabin dai bai mayar ba. Yanzu duk inda ya zauna labarin yadda ya kawo tsarin Damagaram yake bayarwa, kuma in za a yi baƙi har aike yake yi a kawo Sa'ade da wuri. Na ƙyale shi, ya ci sunan, mu mu ci kujerar.

Sa'ade har yanzu ba ta rubuta sunanta ba. Ta kai ga uku dai, wata rana ta riƙe, wata rana ya zube mu sake. Jiya da safe ina share ƙofar aji Malam Hudu ya iso. Na tsaya da tsintsiya ina jiran tambayarsa. Bai tsaya a gindin darbejiya ba, har bakin aji ya kawo keken, ya kwance zani, ya miƙo mini ita ya ce, "Malama, riƙe ta, rana tana yi mini."